Robar da ta sandare kamar gilashi: yadda motsin ƙwayoyinta ke yanke mata tauri, gautsi da tsufa

Akwatin faifan CD da murfin fitilar gaban mota duk roba ce mai tauri, garai-garai, ana hango abin da ke bayanta. Akwatin faifai da ya suɓuce ya faɗi ƙasa sai ya tsage nan take. Murfin fitila kuwa tsakuwa na dukansa a kan hanya shekara da shekaru bai fashe ba, kuma da irin robarsa ake yin garkuwar 'yan sandan kwantar da tarzoma. Bututun ruwa na PVC ana tsara shi a kan zai yi shekara 50 yana aiki, alhali babu wanda ya zauna shekara 50 yana gwada shi kafin a kai shi kasuwa. Ga kuma robar da aka ajiye cikin ɗaki, rana ba ta taɓa ta ba, wani sinadari bai zubo mata ba, amma bayan 'yan shekaru ta fi saurin karyewa a kan ranar da ta baro masana'anta.

Duk waɗannan tushensu ɗaya ne. Ƙwayoyin da suka haɗu suka yi robar ba su daina motsi ba ko bayan ta sandare. Wane irin motsi ya rage musu, kuma tsawon wane lokaci yake ɗauka, shi ke yanke ko robar za ta lanƙwasa, ta jure duka, ko ta tarwatse.

Folima, da dalilin kiran wasunsu gilashi

Folima abu ne da ƙwayoyinsa dogaye ne ƙwarai, kowace ɗaya sarƙa ce ta ƙananan gaɓoɓi iri ɗaya da aka jera ɗaruruwa ko dubbai. Bajamushen nan Hermann Staudinger ne ya kawo wannan bayani a 1920, abokan aikinsa da yawa suka ƙi yarda, sai a 1953 aka ba shi kyautar Nobel a kai.

Gishiri da ƙanƙara idan suka daskare ƙwayoyinsu kan jeru layi-layi cikin tsari mai maimaita kansa. Wasu sarƙoƙin folima ba sa iya yin haka, saboda tsawonsu da sarƙewarsu da rassan da ke jikinsu. Idan aka sanyaya narkakkiyar robar, motsin sarƙoƙin na ta raguwa har su maƙale a yadda sanyi ya same su, a hargitse. Abu mai tauri wanda cikinsa a hargitse yake kamar na ruwa shi masana ke kira gilashi, ko da yashi aka yi shi ko da man fetur.

Zafin da wannan maƙalewa ke faruwa ana kiransa zafin sauyin gilashi, ana rubuta shi Tg. Na folistirin, robar akwatin faifai, yana wajen digiri 100 a ma'aunin Selshiyos. Na akirilik, wato PMMA, wajen 105. Na folikabonet, robar murfin fitila da shi kansa faifan CD, wajen 147. PVC mai tauri wajen 80, PET na gorar ruwa tsakanin 70 da 80. Robar itace kuwa, wadda ake yin taya da ita, nata yana wajen digiri 70 ƙasa da sifili, shi ya sa a zafin da muke rayuwa kullum tana da laushi da dawowa.

Akwai wani abu game da Tg da ya kamata a riƙe tun yanzu. Ƙanƙara na narkewa a sifili ko an yi sauri ko an yi nawa. Tg kuwa yana matsawa da saurin sanyayawa: idan aka rage saurin ninki 10, yakan sauka da kamar digiri 3. Ke nan maƙalewar na faruwa ne a daidai inda sarƙoƙin suka kasa bin saurin mai sanyayawa. Tun daga tushe, lokaci na cikin lissafin.

Sassautawa: babban motsi da ƙananan motsi

Idan aka matsa roba, ko aka ja ta, ko aka sauya mata zafi, ƙwayoyinta kan shiga wani hali na takura, sannan su fara gyara zama har takurar ta ragu. Wannan gyaran zama shi ne sassautawa, tsawon da yake ɗauka kuma shi ne lokacin sassautawa.

A ɗauki cunkoson kasuwa ranar jajibirin sallah. Wanda ya maƙale a tsakiya yana iya juya kai, ya ɗaga hannu, ya gyara kayan da ke kansa. Amma ba zai matsa taku ɗaya ba sai na gabansa da na gefensa sun matsa tare da shi. Motsin da ke bukatar maƙwabta su ba da hanya shi ne babbar sassautawa, wadda ake kira alfa: gaɓoɓi da yawa na sarƙa suna sauya wuri a tare. Juya kai da ɗaga hannu su ne ƙananan sassautawa, beta da gama, waɗanda ke faruwa a ɗan ƙaramin wuri.

A daidai Tg, motsin alfa na ɗaukar kamar daƙiƙa 100. Da an ɗan sauka ƙasa sai ya koma awoyi, ya koma watanni, ya koma shekaru. A 1955 wasu masana uku a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, Williams da Landel da Ferry, suka fitar da lissafin da ya nuna cewa a kusa da Tg da samansa folima iri-iri na bin kusan hanya ɗaya wajen wannan sauyi. Amfanin da aka ci daga nan babba ne: ƙara zafi na yin aikin da tsawon lokaci zai yi. Abin da roba za ta yi cikin shekaru a zafin ɗaki ana iya hango shi cikin kwanaki a zafi mafi yawa.

Ƙananan motsin kuwa suna ci gaba can ƙasa da Tg. Da farko an ɗauka rassan sarƙa ne kawai ke juyawa. A 1970 Johari da Goldstein suka gano motsin beta har a gilasan da ƙwayoyinsu ƙanana ne masu ƙagewa, ba su da reshen da zai juya. Wannan ya nuna cewa wani ɓangare na beta ɗabi'ar gilashi ce kanta.

Yadda ake gano su ba shi da wuyar fahimta. Ana ɗan murɗa yankin roba ana saki, ana murɗawa ana saki, a hankali ana sauya zafi. Duk inda saurin murɗawar ya yi daidai da saurin wani motsi na ciki, robar kan shanye ƙarfi da yawa ta mai da shi zafi, sai a ga tudu a kan jadawalin na'ura. Kowane tudu motsi ne guda.

Me ya sa folikabonet ke jure duka, folistirin ke fashewa

Duka na ɗaukar ɗan ƙanƙanin lokaci, abin da bai wuce 'yan kashi cikin 1000 na daƙiƙa ba. Motsin alfa a zafin ɗaki ya yi nawa ƙwarai da zai kai agaji. Abin tambaya shi ne ko akwai wani motsi mai saurin da zai bar robar ta miƙe kafin tsaga ta ratsa ta.

Folikabonet, wanda Hermann Schnell na kamfanin Bayer da Daniel Fox na General Electric suka gano kowa da kansa a 1953, yana da babban tudu a wajen digiri 100 ƙasa da sifili. Motsin da ke aiki a irin wannan sanyi, a zafin ɗaki saurinsa ya zarce na duka nesa ba kusa ba. A shekarun 1980 gwaji da na'urar NMR, mai bin diddigin motsin ƙwayoyi, ya nuna wasu gaɓoɓi masu siffar zobe da ke cikin sarƙarsa suna kifewa rabin zagaye, kuma aikin Albert Yee da ɗalibansa a Jami'ar Michigan ya nuna motsin ya haɗa gaɓoɓi da dama na sarƙar a jere. Folistirin ba shi da makamancin wannan. Zobbansa a gefe suke rataye, suna cika wuri suna hana sarƙar juyawa.

Daga nan wani ra'ayi ya yi ƙarfi, wanda Raymond Boyer na kamfanin Dow ya yi fice da shi: robar da ke da ƙaƙƙarfan ƙaramin motsi a ƙasa da zafin da ake amfani da ita za ta jure duka. Akwai hujjar da ke mara masa baya. Idan aka zuba wa PVC ko folikabonet ɗan kaɗan na sinadarin laushi, maimakon ya yi laushi sai ya ƙara tauri ya ƙara gautsi, kuma a daidai lokacin tudun ƙaramin motsin kan dushe. Ƙananan ƙwayoyin sun toshe guraben da motsin ke amfani da su. Sai an zuba da yawa sannan Tg ke sauka sosai, a samu PVC mai laushi irin na rufin wayar lantarki da tiyon ban ruwa.

Amma ƙa'idar ba ta riƙe ko'ina ba. Akirilik yana da babban tudun beta a kusa da zafin ɗaki, duk da haka yana da gautsi. Heijboer, wani masani ɗan Holan, ya nuna bambancin: juyawar reshe a gefe ba ta taimaka sosai, sai motsin ya shafi gadon bayan sarƙar.

Wani ɓangaren masana ya duba abin ta fuskar sarƙewa. Edward Kramer da Athene Donald, a Jami'ar Cornell a farkon shekarun 1980, sun nuna cewa yawan ƙullin da sarƙoƙi suka yi wa juna shi ke raba hanya. Inda ƙullin ya yi ƙaranci, kamar a folistirin, ja na buɗe wasu fararen tsagogi siriri masu cike da zaruruwa da ramuka, waɗanda daga baya ke zama tsaga ta gaske. Su ne farin da ake gani idan aka lanƙwasa rular roba ta 'yan makaranta gab da ta karye. Inda ƙullin ya yi yawa, kamar a folikabonet, robar kan zame ta miƙe a faɗin wuri, ƙarfin dukan ya bazu.

Bayanan biyu ba sa kore juna. Ƙaramin motsi na sauƙaƙa fara miƙewa, sarƙewa kuma na hana miƙewar taruwa a wuri ɗaya. Wanda ya tsaya kan guda ya bar ɗayan zai ci karo da robar da ta saɓa masa. Masana'antu ma ba su jira an gama muhawara ba: suna cuɗa ƙananan ɗigon roba mai laushi cikin folistirin domin ƙananan tsagogin su yi yawa su raba nauyi, da irinsa ake yin bangon cikin firij.

Tsufan da ba ruwansa da rana

Tunda sarƙoƙin sun maƙale ne kafin su kai zaman da ya dace da su, sabuwar roba na ɗauke da sarari fiye da kima a tsakanin ƙwayoyinta. A hankali ƙwayoyin na ci gaba da matsowa kusa da juna, robar na ƙanƙancewa da abin da ido ba ya gani. Da sarari ya ragu, motsi na ƙara wuya, sai matsowar kanta ta ƙara nawa. Wannan shi ne tsufan tsari.

André Kovacs ya auna shi da kyau a Strasbourg ta Faransa, a kan folimar da ake yin farin gam na kafintoci da ita. A farkon shekarun 1960 ya nuna wani abin mamaki. Ya sanyaya robar, ya bar ta ta ɗan tsufa, sannan ya ɗaga zafi zuwa inda girmanta ya yi daidai da wanda ya kamata ta zauna a kai. Maimakon ta tsaya, sai ta kumbura sannan ta dawo. Ma'anarsa ita ce cikin robar akwai sassa masu saurin sassautawa da masu nawa, kowanne na tafe da tarihin zafi da sanyin da ya gani. Guda biyu na roba ɗaya, girma ɗaya, zafi ɗaya, na iya nuna hali daban saboda hanyar da kowanne ya biyo.

Struik, shi ma ɗan Holan, ya fitar da babban aikinsa a kan wannan a 1978. Ya gwada robobi da yawa, har da kwalta da daskararren sukari, ya samu kusan hali ɗaya. A faɗin zafin da ke ƙasa da Tg, idan shekarun roba suka ninka 10, lanƙwasar sannu da take yi ƙarƙashin nauyi kan rage sauri kusan ninki 10. Ta wannan fuska tsufa alheri ne, domin tsohuwar roba ta fi riƙe surarta. Illar na wajen duka. Ƙarfin da ake bukata kafin ta fara miƙewa na ƙaruwa, idan kuma ta fara sai miƙewar ta taru a siririn wuri. Folikabonet da aka ajiye awoyi a zafin da ke ɗan ƙasa da Tg ɗinsa na iya komawa mai gautsi, musamman idan akwai ƙarce ko kusurwa mai kaifi a jikinsa.

Wajibi ne a raba wannan da lalacewar sinadari. Murfin fitila da ya yi rawaya, da kujerar roba da ta yi fari-fari tana zubar da gari bayan shekaru a tsakar gida, hasken rana da iska ne suka tsinka sarƙoƙinsu, kuma wannan ba ya gyaruwa. A tsufan tsari babu sarƙar da ta tsinke. Idan aka ɗumama robar sama da Tg aka sake sanyayawa, tarihin ya goge, ta koma sabuwa.

Ko matsi ma na iya mai da ita sabuwa? Nan akwai saɓani. Masana a Jami'ar Eindhoven, cikinsu har da Govaert da Meijer, sun murje folistirin tsakanin ƙarafa biyu masu juyawa, sai ga shi yana miƙewa maimakon fashewa. Cikin kamar kwana biyu gautsinsa ya dawo. Su a wurinsu murjewar ta goge tsufan ne. Gregory McKenna na Amurka ya daɗe yana ja da wannan fassara, yana cewa matsi na jefa robar cikin wani hali ne dabam mai kama da ƙuruciya a wasu gwaje-gwaje, amma agogon tsufan bai koma farko ba. A kan abin da ido ya gani ba su saɓa ba, saɓanin yana kan abin da ke faruwa a ciki.

Asalin maƙalewar: inda masana suka rabu

Tsohon bayani, wanda Cohen da Turnbull suka tsara a 1959, ya rataya komai a kan sararin wofi: ƙwaya ba ta matsawa sai gurbi ya buɗe kusa da ita. Yana da sauƙin fahimta, injiniyoyi na aiki da shi har yau, amma shi kaɗai bai isa ya bayyana yadda zafi da matsi ke tasiri kowanne ta hanyarsa ba. A 1965 Adam da Gibbs suka ce abin da ke raguwa shi ne yawan hanyoyin da ƙwayoyi za su iya jeruwa, don haka rukunin da dole ya motsa tare ke ta girma. Wasu na ganin akwai sauyi na haƙiƙa a ɓoye ƙasa da Tg wanda ba a kai gare shi saboda ƙarancin lokaci, wasu kuma na ganin cunkoso ne kawai na motsi. Philip Anderson, wanda ya karɓi Nobel a 1977, ya rubuta a 1995 cewa wannan na iya zama matsala mafi zurfi da ba a warware ba a ilimin daskararrun abubuwa.

Wahalar ita ce gwajin na bukatar lokacin da ɗan Adam ba shi da shi. A 2013 rukunin McKenna a Jami'ar Texas Tech suka ɗauko daskararren ƙaron itace daga Jamhuriyar Dominika mai shekara miliyan 20. Sun samu ya matse da kusan kashi 2 cikin 100 kacal a duk tsawon wannan zamani, kuma nawar motsinsa a ƙasa da Tg ba ta kai abin da tsohon lissafi irin na Williams da Landel da Ferry ya yi hasashe ba. Sakamakon ya raunana masu cewa motsi na tsayawa cak a wani zafi, ko da yake bai rufe muhawarar ba.

Abin da ya shafi mai amfani

Shekara 50 ɗin bututu daga dabarar musanya lokaci da zafi ta fito. Ana cika bututai da ruwa mai matsi a zafi daban-daban, wasu gwaje-gwajen su haura shekara guda, sannan a miƙa lissafin zuwa gaba. Alƙawarin an gina shi ne a kan zafin digiri 20. Inda ruwa da ƙasa suka fi haka zafi, matsin da bututun zai iya ɗauka na raguwa, shi ya sa masu ƙera shi ke ba da jadawalin ragi. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, wannan jadawali ya cancanci a duba shi. Zafin kuma na hanzarta tsufan tsari a robobin da Tg ɗinsu ke kusa, irin su PVC da PET, musamman a shagon da rufinsa kwano ne.

Mai aikin famfo da ke gasa bakin bututu a wuta domin ya zura wani a ciki, Tg yake tsallakawa. Bakin bututun na sanyi sarƙoƙin su maƙale a miƙe, da takura a cikinsu. Idan wutar ta yi yawa har wurin ya yi duhu, PVC ya fara ruɓewa ke nan yana fitar da hayaƙi mai guba, kuma mahaɗin zai yi rauni. Gorar PET da aka zuba wa kunu mai zafi ta yamutse ita ma haka ne: a masana'anta an hura ta sarƙoƙinta suka sandare a miƙe, zafi ya sake su suka koma.

Manyan ayyuka ma na ƙarƙashin wannan hukunci. Kusan rabin nauyin jirgin Boeing 787 haɗin zare ne da folima mai sandarewa, don haka dole a san yadda za ta sassauta cikin shekarun aikin jirgin. Siraran fatun folima da ake tace iskar gas da su na rasa saurin tacewa yayin da sararin cikinsu ke rufewa, kuma an gano cewa mafi siranta sun fi saurin tsufa.

Har a magani. Wasu magunguna ba sa narkewa da kyau a ciki idan ƙwayoyin sinadarinsu suka jeru layi-layi, don haka ake warwatsa su cikin folima mai sandarewa domin su zauna a hargitse. Haɗin lopinavir da ritonavir na masu ɗauke da HIV da farko kafso ne mai bukatar firij. A 2005 aka amince da ƙwayar haɗiyarsa da aka yi ta wannan hanya, wadda ke zama ba firij, abin da ya sauƙaƙa kai ta ƙasashe masu zafi da ƙarancin wuta. Abokin gabar irin wannan ƙwaya shi ne laima: ruwa na shiga tsakanin sarƙoƙin ya saukar da Tg, motsi ya ƙaru, maganin ya samu damar jeruwa, narkewarsa ta ragu. Wannan na cikin dalilan da ake cewa a bar magani cikin mazubinsa na asali a rufe, kada a juye shi a takarda ko leda, musamman da damina.